Makokin da Ba a Shimfiɗa wa Tabarma

 Waɗanda suka tsallako gada daga Tudun Wada da Kawo da Unguwar Rimi, sannunku da hanya. Mu da muka fito daga Kakuri da Makera da Narayi da Television da Sabon Tasha, yau mu ne masu masauki a nan Barnawa, cikin garin Kaduna.

An ɗora mini magana a kan wasan kwaikwayo irin wanda yake kutsawa cikin zuciyar mutum, aka kuma haɗa mini abubuwa uku a ciki: rashi, da ciwon damuwa, da soyayyar da aka haramta. Da aka kawo mini su, na ga kamar kaya uku ne daban-daban. Da na zauna da su, sai na ga igiya ɗaya ce ta ɗaure su, kuma ita nake so mu warware.

Mutanen ƙasar nan sun iya makoki, wannan ba yabon kai ba ne. In aka yi rasuwa a gidan Musulmi, kafin rana ta faɗi an yi wanka, an yi sutura, an sallaci gawa, an kai ta makwancinta. A shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida kwana uku, maƙwabta su yi ta aiko da kwanukan abinci, duk wanda ya zo ya durƙusa ya ce, "Ya haƙuri? Allah ya jiƙansa, ya sa ya huta." Matar mamaci ta shiga takaba wata huɗu da kwana goma, kowa ya san halin da take ciki, ba mai tambayarta dalilin da ya sa ta daina kwalliya. A gidan Kirista kuwa, zumuntar mata su cika tsakar gida da waƙoƙinsu, a yi daren addu'a, a tara gudummawa, a ɗauki gawa a kai ta gida Zonkwa ko Kagoro ko Kwoi, dangi na nesa da na kusa su hallara. Kada ku ɗauki wannan a matsayin al'ada kawai. Magani ne. Wanda aka yi wa rashi ba a barinsa shi kaɗai, kuma bakuna ɗari suna tabbatar masa cewa abin da ya rasa babba ne, kukansa yana kan hanya.

To amma tabarmar nan, wa ake shimfiɗa wa ita? Uwa da uba, mata da miji, 'ya'ya da 'yan uwa, wato waɗanda jama'a suka yarda da alaƙarsu da mamacin. Wanda yake son mamacin a ɓoye, ko aka raba su da ƙarfi tun yana raye, ba shi da gurbi. Ba mai ce masa ya haƙuri. In ma ya zo, shi ne zai yi wa wasu gaisuwa, ya tashi ya kaɗe rigarsa ya tafi. Wani masani ɗan Amurka, Kenneth Doka, ya fitar da littafi a 1989 a kan irin wannan baƙin ciki da al'umma ba ta ba mai shi izinin nunawa. Mu ba mu buƙatar zuwa Amurka kafin mu gane shi, yana nan a layinmu. Abin da na zo in faɗa shi ne, a irin wannan makoki ne ciwon damuwa ya fi samun wurin kwanciya, kuma shi ne wasannin kwaikwayonmu suka fi tsallakewa.

Kafin in je ga wasa, bari in tuna mana inda muke zaune, domin yaran da ke cikin ɗakin nan da yawa ba su ga wancan zamani ba. Wannan ɓangare na kudancin kogin Kaduna masana'antu ne suka raya shi. Masaƙar KTL ta fara aiki a Kakuri a 1957, zamanin Sardauna. UNTL ta biyo baya a 1964, ga Arewa Textiles, ga kamfanin ƙera makamai na DICON, ga Peugeot da ta fara harhaɗa motoci a 1975, sannan matatar mai a 1980. Bagwari mai ƙasa, da Bajju da Atyap da Ham, da Tibi da Idoma da Ibo da Bayarabe da Bahaushe, duk suka taru a gidajen haya, famfo ɗaya, igiyar shanya ɗaya. 'Ya'yansu suka tashi da Hausa a baki, suna cin tuwon Sallah da shinkafar Kirsimeti tare. Inda yara suka girma haka, dole wani ya so wata. An yi aure da yawa a tsakani, shi ya sa har yau za ka ga gida ɗaya, kawu liman, goggo shugabar zumunta.

Sai ranar 21 ga Fabrairun 2000 ta zo, rikicin Shari'a ya ɓarke, ya sake tashi a watan Mayu. Ƙungiyar Human Rights Watch ta ƙiyasta cewa aƙalla mutum 2,000 ne suka mutu a wannan shekara. A Nuwamban 2002 aka sake yin wani a kan gasar sarauniyar kyau ta duniya, aka rasa kimanin mutum 250. Mutane suka sayar da gidajensu, wasu suka yi musaya, Musulmi da yawa suka haura arewa, Kiristoci suka gangaro kudu, har 'yan gari suka laƙaba wa ɓangarorin biyu Makka da Urushalima. Ba a rabu ɗungurungum ba, ga Barnawa nan da Kakuri da Nasarawa ana zaune a cakuɗe, amma kowa ya san kogi ya zama iyaka. A 2002 ɗin nan kuma KTL ta rufe, UNTL ta bi sahu a 2007, magidanta dubbai suka zauna a gida, wasunsu suka mutu suna jiran haƙƙinsu na sallama.

Imam Muhammad Ashafa da Fasto James Wuye, waɗanda kowannensu ya ɗanɗana asara a wani rikici da aka yi a 1992, sun kafa cibiyarsu ta sasanci a 1995, kuma shugabannin addinai sun sa hannu a yarjejeniyar zaman lafiya ta Kaduna a watan Agustan 2002. Allah ya saka musu. Sai dai sulhu tsakanin jama'a daban, jinyar abin da ke cikin ƙirjin mutum ɗaya daban. Ba a yi wa kowa zaman makokin unguwar da ya bari ba. Ba a yi wa matar da ta rabu da aminiyarta ta shekara ashirin gaisuwa ba. Da wannan nauyi iyaye suka reni 'ya'yan da yanzu suka kai munzalin aure, su kuma 'ya'yan suna haɗuwa a Poli, wadda take da reshe a nan Barnawa, da jami'ar jiha, da wurin bautar ƙasa, da cikin waya.

A nan zan tsaya in share wata hanya, don kada wani ya fita ya ce malamin lacca ya halatta abin da addini ya hana. Ban zo kwance fatawa ba. Musulunci ya hana 'yarsa auren wanda ba Musulmi ba, coci-coci da yawa ba sa ɗaura wa ɗansu aure da wanda ba mai bi ba, kuma kowane ɓangare yana da hujjarsa. Hukunci ya yi magana a kan aure. Abin da hukunci bai ce ba shi ne, wanda ya bi umarni ya haƙura ba zai ji ciwo ba. A tarihin Madina akwai Mugisu, wanda matarsa Barira ta zaɓi rabuwa da shi bayan an 'yanta ta. Ya riƙa bin ta a hanya hawaye na jiƙa masa gemu. Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, bai kore shi ba, bai ce imaninsa ya yi rauni ba. Ya tausaya masa har ya yi masa ceto wajenta, da ta ce ba ta so, aka bar ta da zaɓinta. An kiyaye haƙƙinta, an kuma yarda cewa ciwonsa ciwo ne.

Kuma ba addini kaɗai ke raba masoya a garin nan ba. Akwai asali, inda za a ce ɗan mahauta ne ko jikan wanzamai. Akwai bazawara ko gwauruwa da ta so wanda ta girma, gari ya ɗauka. Akwai kuma sabuwar katanga da takardar asibiti ta gina: shi AS, ita AS. A kowane ciki akwai yiwuwar ɗaya cikin huɗu a haifi mai sikila, kuma ƙiyasin da aka fi ambata shi ne jarirai kusan 150,000 ake haifa da ita a Najeriya duk shekara. Masallatai da coci-coci da dama yanzu ba sa ɗaura aure sai sun ga sakamakon gwaji. Ni ina goyon bayan gwajin. Amma ku dubi abin da muke yi wa yaran nan: shekara huɗu suna tare, an kai gaisuwa, an sa rana, sai takarda ta fito. Mu ce musu, "Kun yi hankali, Allah ya zaɓa muku mafi alheri," mu watse. An mayar da lefe, shi ke nan, magana ta ƙare a wajenmu.

Yanzu ku ba ni aron hankalinku, mu tsara wasa tare. Ƙirƙira ce, ba labarin kowa ba. A ce yarinya ce 'yar Sabon Tasha, ma'aikaciyar jinya, 'yar mawaƙan coci. Shi kuma iyayensa sun tashi daga Kakuri a 2000 sun koma Rigasa. A makaranta suka haɗu. Da magana ta kai kunnen manya, gidaje biyu suka ce a'a, su ma suka duba suka ga ba wanda zai iya barin addininsa, suka rabu ba faɗa. Bayan shekara guda ya yi hatsari a hanyar Zariya da safe. Kafin la'asar an binne shi. Ita tana bakin aiki, sai da daddare ta buɗe waya ta ga hotonsa a WhatsApp, abokinsa ya rubuta addu'a a ƙasa.

Marubuci, daga nan aikinka ya fara. Ba ta ga gawa ba. Ba ta san kabarin ba, ko ta sani mata ba sa bin jana'iza. In ta tsallaka gada ta je gaisuwa, za a tambaye ta, "Daga ina?" Me za ta ce? In ta yi kuka a gida, uwarta za ta ce, "Ba mun gama da maganar yaron nan ba?" In ta je wajen fasto, tana tsoron a mayar da abin zunubin da za ta tuba a kai. Akwai ma tambayar da ba za ta iya furtawa ga kowa ba, wadda kowane mai bi da gaske zai gane nauyinta: ina yake yanzu, kuma ya halatta ta yi masa addu'a? Gobe da safe za ta sa fararen kaya ta je ta yi wa marasa lafiya allura tana murmushi. Hausawa sun ce labarin zuciya a tambayi fuska, amma wannan fuska an hore ta, ba za ta ba da labari ba. Baƙin cikinta zai riƙa ci kamar wutar ƙaiƙayi, sama toka, ƙasa garwashi. Bayan wata shida za a ga ta rame, a ce aiki ne ya yi mata yawa.

Da wannan labari ya faɗa hannun yawancin masu shirya fim ɗinmu, kun san abin da za a yi da shi. Za ta yanke jiki ta faɗi, a kwashe ta zuwa asibiti, a ɗaura mata ruwa. Likita ya fito yana cire tabarau, ya ce jininta ya hau, in ba a ba ta abin da take so ba za a rasa ta. A saka waƙa. Daga nan ko dai a aurar da ita ga wani mai haƙuri ta warke ranar ɗaurin aure, ko a kashe ta don 'yan kallo su ɗauki darasi. Duka biyun gudu ne. Na farko ya mayar da aure ƙwayar magani, na biyu ya mayar da marubuci alƙali.

Ba rashin gwanaye ne ya jawo haka ba. Garin nan ne ya haifi wasan kwaikwayon Hausa na rediyo da talabijin, tun da aka buɗe gidan watsa labarai na Arewa a 1962. A nan Usman Baba Pategi ya yi Samanja, a nan Ƙasimu Yero ya yi Karambana. Sun iya ba da dariya mai cizo, sun iya fallasa halin jama'a. Amma idonsu a kan zaman tare yake, abin da mutum ya yi a gaban mutane. Abin da yake yi in ya rufe ƙofa, wannan fagen ba a nome shi sosai ba.

A rubuce ma haka. Jiki Magayi, na John Tafida da Rupert East, wanda ya fito cikin littattafan farko na Zariya a shekarun 1930, labarin raba masoya ne: attajiri Malam Shehu ya aure Zainabu, ya bar Abubakar da ƙuna. Me Abubakar ya yi da baƙin cikinsa? Ya shiga duniya neman asirin ramuwa, masifar ta faɗa kan yaron da aka haifa, Kyauta. Ciwon ya zama tafiya da aiki, abin da ido ke gani. Zainabu kuwa, wadda aka yi komai a kanta, kaɗan muka leƙa cikinta. A In Da So Da Ƙauna na Ado Ahmad Gidan Dabino, 1991, Sumayya ta faɗa rijiya saboda an hana ta Muhammad. Littafin ya yi babban aiki wajen tayar da muhawara a kan auren dole, ban raina masa ba. Sai dai a nan ma ciwon hanya ce ta kai labari ga aure.

Wanda a ganina ya fi kusantar abin da nake nufi shi ne Abubakar Adam Ibrahim, a littafinsa Season of Crimson Blossoms na 2015, wanda ya ci kyautar adabi ta NLNG a 2016. Da Ingilishi ya rubuta, amma gidan Bahaushe ya shiga. Hajiya Binta, mai shekara 55, an kashe mijinta a rikicin Jos, ta faɗa soyayya da Reza, matashi ɗan daba mai sayar da wiwi wanda ya haura gidanta sata. In ka tsaya a nan, labarin abin kunya ne kawai. Amma marubucin ya nuna mana tushen abin: Binta tana da ɗan fari da kunya ta hana ta kiran sunansa ko nuna masa ƙauna, 'yan sanda suka kashe shi ba ta taɓa rungumarsa ba. Shi kuma Reza uwarsa ta tafi ta bar shi tun yana ƙarami. Kowannensu yana neman mamacinsa ko ɓataccensa a jikin ɗaya. Ga kuma Fa'iza a gidan, yarinyar da aka kashe nata a gabanta a Jos, wadda ganin jini ke firgitawa. Littafin bai ce abin da Binta ta yi daidai ne ba, ƙarshensa ma jini ne. Abin da ya yi shi ne ya sa ka fahimci yadda makokin da aka danne shekara da shekaru yake ɓullowa ta inda ba a zata ba. Raunin rikicin Jos ya rubuta, amma duk wanda ya kwana a Kaduna a Fabrairun 2000 zai gane gidan.

To, mene ne ciwon damuwar nan, tunda muna so mu rubuta shi daidai? Da farko, baƙin cikin rashi ba cuta ba ne. Yana zuwa yana tafiya, yau ka yi kuka, gobe a tuna wani abin dariya na mamacin ka dara. Ciwon damuwa kuwa zama yake yi daram. Likitocin ƙwaƙwalwa suna duba ko mutum ya kai mako biyu, kusan kullum, zuciyarsa a ƙuntace, abin da da yake jin daɗinsa ya fita daga ransa, barci ya lalace, abinci ba ya shiga, ga kasala, ga ganin kansa ba shi da amfani, wani lokaci har ya ji gara ya mutu. Mai makoki yana cewa duniya ta yi masa faɗi saboda wane ba ya nan. Mai ciwon damuwa yana cewa shi kansa ne ba shi da daraja. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2019 mutum kusan miliyan 280 ke fama da shi, mata sun fi maza. Tun daga 2022 kuma, kundinta na cututtuka ya amince cewa akwai makokin da ke daskarewa ya wuce wata shida yana hana mutum rayuwa, wanda shi ma yana buƙatar jinya.

A wajenmu ba kasafai mutum zai ce "ina baƙin ciki" ba, domin an koya masa cewa ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba. Sai jiki ya karɓi maganar. Zai ce kansa na zafi, wani abu na yawo a jikinsa, gabansa na faɗuwa, ƙirjinsa ya yi nauyi. Ya sha maganin taifot da na zazzaɓin cizon sauro a kemis sau ba adadi. Wasu su koma ga kwalba. Binciken da aka yi da hukumar Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi a 2018 ya nuna 'yan Najeriya miliyan 14.3 na shaye-shaye, kuma ɗaya cikin huɗu mace ce. A shekarar ne gwamnati ta hana maganin tari mai kodin. Ba duk mai shan ba ne mai ciwon damuwa, amma marubucin da ya nuna matar aure da kwalba a ƙarƙashin gado bai tambayi abin da take son mantawa ba, rabin labari ya ba mu.

Mafi zafin abin da ake gaya wa mai wannan ciwo shi ne, "Ba ka da tawakkali," ko "Bangaskiyarki ce ta yi sanyi." Malamai da fastoci na nan, su gyara mini in na kauce. Annabi Yaƙubu ya yi kukan Yusufu har idanunsa suka yi fari. Shekarar da Nana Khadija da Abu Ɗalib suka rasu, sunanta a tarihi shekarar baƙin ciki. Annabi Iliya, a Littafi Mai Tsarki, ya zauna a jeji ya roƙi mutuwa, aka fara ba shi abinci da barci kafin a yi masa magana. Yesu ya yi hawaye a kabarin Li'azaru. Nana Asma'u 'yar Shehu ta bar mana marsiyyoyi na ɗan uwanta Muhammadu Bello da mijinta Giɗaɗo da aminiyarta A'ishatu, ba ta ɓoye raɗaɗinta ba, kuma ba wanda ya isa ya ce ba ta san ƙaddara ba. Abu Zaid al-Balkhi, malamin da ya rasu a shekara ta 934, ya rarrabe tsakanin baƙin cikin da aka san dalilinsa da wanda ke saukar wa mutum haka kawai, ya ce na biyun yana da tushe a jiki kuma yana son magani. Fiye da shekara dubu ke nan.

Magani kuwa yana nan kusa da mu. Asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya a Barnawa yake, amma mun mayar da sunan unguwar abin zolaya, mutum ya gwammace a gan shi a ofishin 'yan sanda da a gan shi a ƙofar. Tsoron nan yana da tsada. A Satumban 2019 'yan sanda suka fito da mutum sama da 300 daga wani gida a Rigasa, wasu da mari a ƙafa, kuma da yawansu iyayensu ne suka kai su da hannunsu don neman gyara. Doka ma ta daɗe a baya: sai a Janairun 2023 aka sanar da sa hannu a sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da ta maye gurbin ta 1958. Final Kod ta Arewa, a sashe na 231, ta tanadi ɗaurin da zai iya kai shekara ɗaya ga wanda ya yi yunƙurin kashe kansa, abin da Ghana ta soke a nata kundin a 2023. Mutum ya kai maƙura, ya tsira da ƙyar, a tarbe shi da ankwa. Wa zai fito ya faɗi abin da ke ransa?

Ku marubuta, ga abin da nake roƙo a wajenku. Ku bar yarinyar nan ta Sabon Tasha ta yi ciwonta a hankali, yadda ake yinsa. Ba sai ta faɗi ba. Ku nuna ta ta bar zuwa koyon waƙa, ta ce murya ce ta dushe. Ku nuna ta ƙarfe uku na dare ido biyu, tana sake sauraron tsohon saƙon murya. Ku nuna ta ta shiga motar Kasuwa, an zo gada ta ce a sauke ta, ta juya. Rediyo ma ya fi kyamara iya wannan, domin shiru a rediyo yana da nauyi, kuma ba ya cin kuɗi.

Kada ku mayar da iyayenta mugaye. Uwar nan wataƙila ƙaninta aka kashe a Tudun Wada a 2000, ba ta ga gawarsa ba ita ma. A'ar da ta ce ba ƙiyayya ba ce zalla, nata makokin ne da ba a gama ba. Haka mahaifiyar yaron a Rigasa, wadda ta bar ɗakin aurenta yana ci da wuta a Kakuri. In kuka rubuta matan nan biyu da adalci, mai kallo daga kowane ɓangare zai zauna har ƙarshe, ba zai ji an zagi nasa ba. Na san akwai hukumar tace finafinai, na san korar da aka yi wa 'yar fim Rahama Sadau, 'yar garin nan, a 2016 saboda bidiyon waƙa guda. Amma wasan da nake bayani ba ya buƙatar ko riƙe hannu. Saurayin ma ya mutu tun a kashi na farko.

In labari ya kai ga tunanin kashe kai, ku yi hattara. Tun bayan wani littafin Goethe na 1774 ake maganar masu karatu da suka kwaikwayi jarumin da ya hallaka kansa saboda soyayya, kuma a 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da jagora musamman don masu fim da wasan daɓe. Kada ku nuna hanyar da aka bi, kada ku ƙawata abin, kada ku sa ya zama shi ne ya karya zuciyar iyaye suka ba da kai, domin yarinya mai shekara sha shida tana kallo tana lissafi. Ku nuna wanda ya lura, ya tambaya kai tsaye, ya raka ta asibiti. Tambayar mutum ko yana tunanin mutuwa ba ta sa masa tunanin, sau da yawa sauƙi take kawo masa.

Likitan cikin wasanku kuma ya yi magana irin ta likita. Maganin ciwon damuwa yakan ɗauki mako biyu zuwa shida kafin a ji canji, ba a yanke shi farat ɗaya, wani ma zaman tattaunawa da masani ya ishe shi ba sai ƙwaya ba. Addu'a da magani ba kishiyoyi ba ne, a bar ta ta yi duka biyun. Warkewa tana da koma-baya, a nuna shi. Kafin ku rubuta wannan kashi, ku nemi izini ku zauna da ma'aikatan jinya da likitocin asibitin nan, ku ji kalmomin da marasa lafiya ke zuwa da su da waɗanda ake mayar musu. Sirrin marar lafiya ba za su ba ku ba, kada ma ku nema. In kuma wani ya amince ya ba ku labarinsa da bakinsa, ku canza unguwa da sana'a da duk abin da zai sa a gane shi, ku karanta masa abin da kuka rubuta kafin ya hau iska, domin Kaduna ƙaramin gari ne in ana maganar tsegumi.

Shugaban taro, a nan zan dakata, a buɗe fagen tambayoyi.